Yadda ake aiwatar da manhajar Islamiyya a ƙauye, da yadda ake gane ko tana aiki

Da wuya ka samu Islamiyya a ƙauyukan Kano da Jigawa da ba ta da wata takarda da ake kira manhaja. Wasu daga hukuma suka karɓo, wasu sun kwafo ta wata babbar makaranta a Kano ko Haɗeja ko Dutse, wasu kuma malamin da ya kafa makarantar ne ya rubuta da hannunsa. In ka duba takardar za ka ga babu abin da aka bari: Alƙur'ani da tajwidi, hadisi, fiƙihu, tauhidi, sira, Larabci, azkar. Amma kira yaro ɗan aji biyar ka buɗe masa shafin da ba a taɓa biya masa ba, sau da yawa sai ya yi shiru yana kallonka. Iyayensa sun yi shekara biyar suna biyan kuɗin wata, malamansa sun yi shekara biyar suna fama a cikin zafi da ƙura, ga kuma abin da aka samu. Wannan bayani na shugaban makaranta ne da malamansa da 'yan kwamiti, musamman Islamiyyar yamma da al'umma ke riƙe da ita da ƙarfinta.

Mataki na farko: ƙirga kwanakin karatu na gaskiya

Yawancin manhajojin da ake kwafowa an tsara su ne don makarantar birni, mai zaman awa uku ko huɗu a rana, inda yaro ba ya zuwa gona kuma ba ya kora awaki kiwo. Don haka kafin ka taɓa darasi ko ɗaya, ɗauki kalanda da biro ka zauna da malamanka.

Shekara mako 52 ce. Cire azumi da Ƙaramar Salla, wajen mako shida ke nan. Cire Babbar Salla, da hutun Mauludi idan garinku na yi, da makonnin jarrabawa da hutun zango. Da wuya abin da ya rage ya wuce mako 36. Idan daga Asabar zuwa Laraba kuke karatu, kwana 180 ke nan a takarda.

Sai cirewa ta biyu, wadda kalanda ba ta nunawa. Garin da ke cin kasuwar Dambatta ko ta Gujungu ya san yadda aji ke komawa ranar Lahadi, na kusa da Shuwarin ya san Litinin, 'yan mata sun tafi talla, samari sun tafi dako. Ga ranakun da hadari ke tasowa daidai la'asar. Ga makon shuka, da noman farko, da maimai, da girbin gero, da roron wake. A wajen Kura da Bunkure da Garun Malam, haka ma a Auyo, rani ma ba hutu ba ne, domin akwai tsinkar tumatir da korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Garuruwan da ke bakin kogin Haɗeja kuma sun ga yadda ambaliyar 2022 ta tsayar da komai na tsawon makonni. In an yi sa'a, a ce kwana 150 suka rage. Tsakanin sallar la'asar da magariba, bayan an jira masu latti an yi shara an shimfiɗa tabarmi, karatun da ake yi bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Lissafa: awa 225 a shekara. Ɗora darussa bakwai na manhajar birni a kan wannan, kamar a ce za a juye buhun gero ne a kwano ɗaya.

Naku lissafin zai iya fin wannan ko ya gaza, muhimmin abu dai ku yi shi da kanku. Abu biyu za ku gyara nan take. Idan ranar kasuwarku ta faɗo cikin kwanakin karatu, ku mayar da hutun Alhamis zuwa ranar, ku yi karatu Alhamis. Sannan ku ajiye darussa masu nauyi, irin su koyon haɗa baƙi da babin rafkanuwa, a watannin da aji ke cika, wato daga bayan kaka zuwa faɗuwar ruwa. Damina kuma a bar ta ga tilawa da bita, yadda wanda ya yi fashin mako guda ba zai dawo ya tarar an yi masa nisa ba. A lura kuma, shekarar Hijira tana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A 2015 azumi ya faɗo a Yuni da Yuli, cikin damina, lokacin da dama karatu ke rauni. A 2025 kuwa a Maris ya faɗo, tsakiyar lokacin da ya fi albarkar karatu. Don haka wannan zama na kalanda duk shekara ake sake shi.

Mataki na biyu: raba yara bisa abin da suka iya

A ƙauye yara kan zo Islamiyya ta ƙofa uku. Akwai ɗan makarantar allo wanda ya wuce babbaƙu da farfaru, wataƙila ma yana da izu biyar a ka, amma bai san farillan alwala ba. Akwai ɗan firamare da ya iya riƙe biro amma bai san alif ba. Akwai kuma wanda bai taɓa zama gaban malami ba. Idan aka zuba su aji ɗaya don shekarunsu sun zo ɗaya, na farko zai gaji da zama ya daina zuwa, na ukun kuma zai koyi ɓuya a bayan muryar 'yan uwansa.

Ware kwana biyu ko uku a farkon shekara. Kowane yaro ya zo shi kaɗai gaban malami na minti uku: a nuna masa haruffa goma a warwatse, ba a jere ba, sai kalmomi biyar masu wasali, sai layi biyu daga Mus'hafi. Inda ya tsaya nan ne ajinsa a darasin karatu, ko da ya kai shekara goma sha biyu. Za a samu iyayen da za su ji haushi. A yi musu bayani tun kafin a fara, ta bakin liman ko mai unguwa, a kuma yi alkawarin cewa duk wanda ya iya za a ɗaga shi a tsakiyar zango ba sai shekara ta ƙare ba. A cika alkawarin.

Akwai wata matsala a nan da ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi. Makarantun allo da riwayar Warshu suke karatu, da rubutun da ake sa wa harafin fa ɗigo ɗaya a ƙasa, harafin ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Islamiyyu kuwa galibi Hafsu suke bi. Yaron da ya saba da "maliki yaumid din" zai ji ana jan mim ɗin, wanda ya saba da "yuminuna" zai ji ana fito da hamza. Kada malami ya kuskura ya ce masa karatunsa na da kuskure ne. Duka biyun riwayoyi ne ingantattu, kuma ranar da wannan magana ta kai kunnen alaramman garin, makarantarku ta sayi rigimar da za ta daɗe tana biya. A ba irin wannan yaro mako biyu ko uku ana nuna masa bambancin rubutun da na lafazin, a gaya masa kada ya cakuɗa su a karatu ɗaya.

Mataki na uku: yanke manhajar daidai awoyinku, a rubuta ta da abin da yaro zai iya yi

Nan ne aikin ya fi yawa, nan kuma aka fi gudunsa, domin babu malamin da ke son a ce shi ya rage wa yara karatun addini. Amma darasin da aka rubuta ba a koyar ba, ai dama a rage yake, sai dai ba a faɗa ba.

Fara da sauya yadda ake rubuta buri. "Aji uku: Ahalari daga farko zuwa babin taimama" bayanin shafuka ne kawai, malami zai iya karance su da fassara a wata biyu ya ce ya gama. Rubuta haka: "Ɗan aji uku zai ɗauki buta ya yi alwala cikakkiya, ya faɗi farillanta bakwai, ya faɗi abubuwan da ke warware ta, ya yi taimama a gaban malami." Wannan ana iya ganinsa da ido. Kowane darasi a kowane aji kada burinsa ya wuce layi huɗu ko biyar irin wannan.

A aji ɗaya da biyu, ni a ganina kashi biyu cikin uku na lokaci ya tafi ga koyon karatu da duba: baƙi, wasali, ɗauri, shadda, ja. Ko Bagadadi kuke amfani da shi ko Nuraniyya, ku tsaya a kan ɗaya. Ragowar lokacin ya isa ga gajerun surori da ake karɓa da baki, da kalmar shahada, da addu'ar cin abinci da ta barci da ta shiga banɗaki. Nahawu da dogayen hadisai su jira. Yaron da ya iya karatu da kansa a ƙarshen aji biyu zai ci gaba ko da malami ya tafi ci rani, wanda bai iya ba kuwa duk abin da aka ɗora masa daga baya da ka kawai zai riƙe, ya kuma zube.

Hadda ma a yi mata lissafi. Mus'hafin bugun Madina shafi 604 ne, galibin shafukan layi 15, izu ɗaya wajen shafi goma. Idan cikin kwana 150 aka ware 30 don tilawa zalla, saura 120. Yaron da ake yi wa ƙarin layi biyu a rana zai samu layi 240, shafi 16 ke nan, izu ɗaya da rabi a shekara. Manhajar da ta ce ɗan aji uku zai haddace izu biyar a Islamiyyar yamma tana neman layi shida ko bakwai kullum, ban da tilawar na baya. 'Yan kaɗan za su iya, sauran za su riƙa haddace na yau suna zubar da na jiya. Izu goma masu ƙarfi a ƙarshen aji shida, tare da iya karanta ko'ina da duba, buri ne da makarantar ƙauye za ta iya cimmawa ta kuma yi alfahari da shi.

Sai jerin darussa, wanda ya kamata ya bi rayuwar garin. 'Yan mata da yawa ba sa kaiwa aji shida, aure ke ɗauke su. Idan babin haila da wankan tsarki yana aji shida, waɗanda suka fi buƙatarsa ba za su same shi ba. A dawo da shi aji huɗu, a kuma nemi malama ta koyar da shi a keɓe, ko da aronta za a yi daga makarantar matan aure sau ɗaya a mako. Haka nan Ahalari a tsarki da salla ya tsaya, ya rufe da babin rafkanuwa. Ishmawi ya ƙara da azumi. Zakka sai an kai Iziyya ko Risala, alhali kusan duk ɗalibanku 'ya'yan manoma ne da makiyaya. Ko ba a kai waɗannan littattafai ba, a tsamo wa 'yan aji biyar da shida darasin zakkar amfanin gona: nisabinta wusuƙi biyar, wato sa'i 300, ana fitar da ɗaya cikin goma a abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin a abin da aka shayar da wahala da kuɗi kamar na injin ban ruwa. Tumaki da awaki kuma daga 40 ake farawa, shanu daga 30. A koyar da wannan a kaka, lokacin da dammunan gero ke jibge a ƙofar gida.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne littafin tauhidi da wasu mas'alolin salla. A gari ɗaya akwai 'yan Tijjaniyya da 'yan Ƙadiriyya da 'yan Izala, kuma sau da yawa 'ya'yansu a tabarma ɗaya suke zaune. Idan makarantar ta al'umma ce gaba ɗaya, kwamiti ya zauna da malaman kowane ɓangare a amince da littattafai tun farko, a rubuta, a sa hannu. A kuma yarda cewa babu malamin da zai aibata abin da mahaifin yaro ke yi a gaban yaron. Idan ba a yi wannan ba, wata rana za a wayi gari rabin aji sun daina zuwa, ba kuma wanda zai faɗi dalili.

Mataki na huɗu: malamai da rabon darasi mako-mako

Malamin Islamiyyar ƙauye galibi ɗan sa kai ne, ko mai karɓar ɗan alawus da bai kai kuɗin man babur ba. Wani ya gama sakandaren Larabci yana jiran gurbi a Kwalejin Aminu Kano ko kwalejin shari'a ta Ringim, da ya samu zai tafi. Wani gardi ne mai ƙarfin Alƙur'ani amma bai taɓa koyar da aji ba. Tunda ka san za a riƙa canji, kada manhajar ta zauna a kan mutum. Kowane aji a saya masa littafi mai kauri, a raba burin shekara zuwa makonni, malami ya riƙa rubuta abin da ya koyar da ranar. Sabon malami in ya zo, ya buɗe ya ga inda aka tsaya.

Ba wa malamin da ya fi kowa haƙuri da iya karatu aji ɗaya. An saba a tura sabon shiga can, manyan malamai su riƙe aji shida, wannan kuwa juya abu ne a baibai, domin kuskuren mafitar harafi da yaro ya ɗauka a shekarar farko yakan bi shi har girma.

Sau ɗaya a mako malamai su zauna su kaɗai na awa ɗaya, kowa ya karanta rabin shafi a gyara masa, a kuma duba darasin mako mai zuwa. Shugaba ya fara karantawa a gyara masa, sauran za su saki jiki. Gyaran malami a gaban ɗalibai kuwa, kada a yi shi ko sau ɗaya.

Mataki na biyar: abin da ke faruwa a cikin aji

Karatun baki ɗaya, malami ya faɗa yara su amsa, yana da amfani wajen saba kunne da harshe. Illarsa ita ce yana ɓoye wanda bai iya ba. A aji mai yara sittin, goma na gaba ne ke karatu, sauran bin sauti suke yi. Kowace rana malami ya kira yara biyar zuwa takwas ɗaya bayan ɗaya, ya sa alama a gaban sunansu a rajista, ta yadda cikin mako biyu kowa ya biya shi kaɗai. A sa yaro ya ɗora yatsa a kan kalmar da yake karantawa, wani lokacin a ce ya fara daga tsakiyar layi. Yayin da malami ke sauraron ɗaya, sauran su zauna biyu-biyu, mai ƙarfi da mai rauni, suna yi wa juna tilawa.

Fassara ta zama da Hausar da yaro ke ji a gida, kuma bayan kowace mas'ala a kawo misali daga garin: ka idar da salla sai ka tuna ba ka yi zaman tahiyar farko ba, me za ka yi? Kana gona ruwan da ke gorarka na sha ne kawai, la'asar ta yi, yaya ke nan? Bulala kuma a rage ta ƙwarai a lokacin biya karatu. Yaron da ke kallon hannun malami ba ya kallon harafi, cinta kawai yake yi don ya tsira.

Mataki na shida: jarrabawar da ke faɗin gaskiya

Jarrabawar da aka saba yi tana da ramuka uku. Malamin aji shi ke fitar da tambaya, shi ke ba da maki, kuma ya san in yara sun faɗi shi za a zarga. Ana tambayar yaro daidai wurin da aka yi masa bita jiya. Sannan ana yin ta a rubuce, sai ɗan firamare ya cinye fiƙihu don ya iya rubutu, ɗan allo da ya fi shi sanin mas'alar ya faɗi. Ga yadda za a toshe su.

Ku ƙulla yarjejeniya da Islamiyyar ƙauyen da ke kusa, ku riƙa musayar malamai ranar jarrabawa, naku su je can, nasu su zo nan. Ba ya cin kuɗi sai na abinci da mai. Idan hakan bai yiwu ba, malamin aji huɗu ya jarraba aji biyu, na aji biyu ya jarraba aji biyar.

A karatu da duba, mai jarrabawa ya buɗe shafin da yaro bai haddace ba kuma ba a biya masa ba, ya ba shi layi uku zuwa biyar gwargwadon ajinsa. Ya riƙa ƙirga manyan kurakurai kawai, wato sauya harafi, sauya wasali, tsallake kalma. Ƙa'idojin tajwidi irin su gunna da ƙalƙala da tsawon ja a ajiye su ga manyan azuzuwa, a ba su maki dabam. A hadda, a bi salon musabaƙa: a jawo aya daga tsakiyar sura yaro ya ɗora, tambaya ɗaya daga haddar wannan zango, biyu daga ta baya. Wannan rabon da gangan ne, shi zai tilasta wa malamai riƙe tilawa.

A fiƙihu, a fito waje da buta da ruwa. Yaro ya yi alwala, mai jarrabawa na riƙe da takarda mai jerin farillai bakwai: niyya, wanke fuska, wanke hannaye zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuɗawa, da jerantawa ba tare da dogon jinkiri ba. Ya duba diddige da tsakanin yatsu, nan aka fi barin lam'a, wato wurin da ruwa bai taɓa ba. Sai salla raka'a biyu a bayyane, sai tambaya biyu ta baka a kan ƙabli da ba'adi. 'Yan mata malama ta jarraba su. A hadisi kada a tsaya ga kawo matani, a ce yaro ya faɗi abin da hadisin ke nufi da Hausa, ya kawo wuri ɗaya da zai yi aiki da shi. Jarrabawar rubutu a fara ta daga aji huɗu, kuma kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na makin.

Yara sittin a minti biyar-biyar awa biyar ne, don haka a raba aikin kwana uku ko a ƙara masu jarrabawa. Gajiyar tana da yawa, amma sau uku ne kawai a shekara.

Tarbiyya ita ce ta fi wuyar aunawa, kuma ita iyaye suka fi nema. Ba na goyon bayan a ba ta maki cikin ɗari, domin zai koma son rai. Abin da ya fi shi ne malami ya rubuta layi biyu a kan abin da ya gani da idonsa: zuwa a kan lokaci, tsabtar jiki, riƙon amana, yadda yake da ƙananan yara. Sau ɗaya a zango malama ta zaga gidaje kaɗan ta ji daga bakin iyaye mata, su ne suka san wanda ke tashi asuba. Kada a sa yara leƙen asirin juna.

Mataki na bakwai: karanta sakamako don a auna manhajar ita kanta

Yawancin makarantu da an fitar da na ɗaya da na biyu da na uku an raba kyaututtuka, shi ke nan an rufe littafi. Alhali amfanin jarrabawar yanzu ya fara. Zana jadawali a babbar takarda, sunayen yara a gefe, burin da aka rubuta a mataki na uku a sama, kowane gurbi a sa alamar ya iya ko bai iya ba. Sai a karanta ta hanya biyu.

In ka bi layin yaro ɗaya ka ga duk babu, duba rajista. Sau da yawa fashi ne, wani lokacin kuma yaron ba ya ji sosai ko ba ya ganin allo daga baya, ba wanda ya lura. In ka bi buri ɗaya daga sama zuwa ƙasa ka ga bakwai cikin goma sun faɗi, wannan ba laifin yara ba ne. Buɗe littafin aji. Idan ba a koyar da darasin ba, lokaci ne bai isa ba, sai a rage wani abu ko a matsar da shi. Idan an koyar, shugaba ya shiga ajin ya ga yadda ake koyarwa. Idan kuma malamai biyu daban-daban sun koyar da shi shekara biyu a jere ana faɗuwa, darasin ya fi ƙarfin ajin, a ɗaga shi gaba.

A ƙirga wani abu kuma: yara nawa suka shiga aji ɗaya, nawa suka kai aji shida, maza nawa mata nawa, a wane aji aka fi zubewa. Makarantar da ta ɗauki tamanin ta yaye goma sha biyu tana da tambayar da za ta amsa, ko da sha biyun nan duk gwanaye ne. Musabaƙa ma, wadda Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ke shirya ta ƙasa tun 1986, alheri ce babba, amma kofin da yara uku suka ciyo a ƙaramar hukuma ba ya nuna halin sauran ɗari biyu. Kada a janye malamin da ya fi iyawa daga aji wata biyu don horar da 'yan musabaƙa, a yi musu nasu da safe ko bayan isha.

Littattafan nan a adana su a akwatin ƙarfe saboda gara da yoyon rufi, a kuma ɗauki hoton kowane shafi da waya a ƙarshen zango.

Mataki na takwas: iyaye, walima da hukuma

Matsin da ya fi karya manhaja daga iyaye yake zuwa, kuma da kyakkyawar niyya. Uba yana son 'yarsa ta yi sauka kafin bikinta, an riga an ɗinka anko, ya zo ya ce, "Malam, a taimaka a sa ta cikin 'yan bana." Idan babu ƙa'ida a rubuce, shugaba ba shi da abin kare kansa. Kwamiti, da dagaci ko mai unguwa a zaune, ya amince tun farkon shekara cewa ba a sa kowa a walima sai ya karanta shafi uku da aka buɗe masa ba zaɓinsa ba, a gaban malamin waje. Wadda ba ta kai ba a ba ta shaidar iya inda ta kai, a kuma haɗa ta da makarantar matan aure ta ƙarasa daga ɗakinta. Ranar ba da sakamako a gaya wa kowane uba abu ɗaya da ɗansa ya iya da abu ɗaya da ya rage masa, wannan ya fi masa amfani a kan jin cewa ya zo na goma sha bakwai.

Ta ɓangaren hukuma, ku yi rajista: a Kano akwai hukumar kula da makarantun Alƙur'ani da Islamiyya, a Jigawa akwai hukumar ilimin addinin Musulunci da ke Dutse. Ku karɓi manhajarsu ku ajiye kusa da taku, ku tabbata 'yan aji biyar da shida sun taɓa abin da ake tambaya a jarrabawar shiga ƙaramar sakandaren Larabci, domin wanda ya bi wannan hanya zai iya kaiwa ga jarrabawar NBAIS, wato hukumar nazarin Larabci da addinin Musulunci ta ƙasa, daga nan kwaleji ko jami'a. Idan jami'in duba makarantu ya zo ya tambayi dalilin da ya sa ba ku kai inda takarda ta ce ba, ku ɗauko masa lissafin kwanakinku, da littafin aji, da jadawalin iya da rashin iya na zangon da ya wuce, sannan ku ce ya zaɓi yara biyar da kansa daga rajista ya buɗe musu duk shafin da ya ga dama.